Baƙin Ƙahon Tsohon Wanzami

Zakka ya zazzage jakar fatar a kan tebur, ƙahonni suka gangaro suna ƙara kamar busasshen ƙashi.

"Na'Allah, ni ba na faɗa da kai," in ji shi. Jami'in kwastan ne, mutumin Kafanchan, a Agege Na'Allah wanzami ke yi masa aski. "Madam, shugabarmu, ta ce ɗanyen ƙahon dabba ne, ba takardar likitan dabbobi, sai wuta. Ni na ce kayan aiki ne, a biya haraji a wuce. Yanzu farar hula ke mulki, komai sai da hujja."

Ƙahonnin nan su ne iyakar gadon da mahaifin Na'Allah ya bari a Dogonduci. Direban tirela ya ɗauko masa su, aka tare su a kan iyaka.

Madam ta fito daga ofis, ta sa bakin biro ta ware wani baƙi, gajere, mai kaushi. Ta yi magana da Turanci, ta koma ciki.

"Ta ce in wannan ya kama fata ya ja jini, duka kayan aiki ne." Zakka ya tuɓe riga yana dariya, ya juya baya. "Dama bayan nan ya dame ni. Oya, kafa mini!"

Kai, duk tarin nan sai shi! Na'Allah ya san ƙahon. Tsoho, mahaifinsa, ba ya ɗauko shi sai dangin majinyaci sun gaji da jinya, sun zo da magana ƙasa-ƙasa. Wanda aka kafa wa yakan miƙe a ranar, ya ci tuwo, ya sha hira. Ba wanda ya ga Juma'a ta gaba. Camfi ne, haka Na'Allah ya sha gaya wa kansa, dama kwanansu ya ƙare.

Ya ɗauka. Sauran sanyi ƙalau, wannan kuwa ɗumi gare shi kamar tafin hannun mutum. Ya kai tsinin ƙahon bakinsa don ya gwada, sai ya ji danshi da gishiri-gishiri. Tsoho fa ya shekara a ƙasa.

"Yaya dai? Yi sauri, zan ɗauko 'yata a makaranta."

Na'Allah ya dubi faffaɗan bayan nan, gumi na bin sa. Tsoro ya kama shi. Ya ajiye ƙahon a hankali, ya goge baki da hannun riga.

"Sa rigarka, Yallaɓai. Madam ce da gaskiya, ɗanye ne."

"Duka fa za a ƙona! Kanka ɗaya kuwa?"

"Duka," in ji Na'Allah. "Amma a bar ni in tsaya har wuta ta cinye shi."