Kaguwa da Gwazar Tanti Ermine

Ermine ta sake ɗibar romon a ludayi, ta hura, ta kurɓa. Ta ji zafi a leɓenta, ta ji kauri a kan harshenta. Ban da wannan babu komai, kamar ruwan zafi ta sha. Ta leƙa tukunyar. Kaguwa ta yi ja, gwaza ta fara yin shuɗi-shuɗi yadda ake so, madarar kwakwa da kori suna ta ɓararraka. A ido dai babu abin kushewa.

"Cuthbert, sauko ka ɗanɗana mini."

Mijinta yana kan tsani yana ɗaure allon rumfa. Ya sauko a hankali, ya karɓi ludayin, ya lasa, ya ɗaga kai sama kamar mai nazari.

"Gishiri ya yi yawa."

"Ban sa ba tukuna."

"To, ya yi daidai ke nan," in ji shi, ya koma kan tsaninsa.

Tun da likita ya hana Cuthbert gishiri saboda hawan jini, ko ruwan famfo ya sha sai ya ce an cika. Ita kuwa Ermine, tun zazzaɓin da ya kwantar da ita a farkon damina, hancinta da harshenta suka tafi ba su dawo ba. A asibiti an ce ta yi haƙuri, sukan dawo da kansu. A gida abin bai dame ta ba, tunda girkin lami take yi wa maigida. Amma yau bikin gwaza ne da gasar girki a ƙauyen Bloody Bay, a tsibirin Tobago. Motoci sun cika bakin hanya, mutanen tsibirin Trinidad sun tsallako a jirgin ruwa, kuma da yawansu ba za su koma ba sai sun ci kaguwa da gwazar Tanti Ermine. Ita kuma ba ta taɓa auna komai ba a rayuwarta. Kakarta da harshe ta koya mata, domin kowace kaguwa da gishirin da take zuwa da shi, kowace kwakwa da zaƙinta.

"Ikon Allah! Yau namiji ne ke sa baki a tukunyar Ermine Quashie?"

Odetta ce, mai rumfar da ke manne da tata. Ta jingina da teburin da ya raba su, ɗankwali ja a kanta, muciya a hannu. Tun suna 'yan mata a ƙungiyar mawaƙan coci suke gasa. Sun yi a kan murya, sun yi a kan hula, da suka girma suka mayar da ita kan tukunya. Odetta faten gwaza da busasshen kifi take yi, kuma duk shekarar da ɗaya ta ci kyauta sai ɗayar ta ce alƙalan mura suke yi.

"Ki kula da fatenki, Odetta. Bara na ji an ce wani ya liƙa tayar mota da shi."

"Ta kuwa kai shi har birnin Scarborough ba ta sace ba. Ungo, taɓa mini wannan."

Ta miƙo mata curin tsamiya. Ermine ta jefa a baki, ta tauna, ta haɗiye.

"Ba laifi," ta ce. "Kin dai yi ƙoƙari."

Odetta ta tsaya tana kallonta. Sannan ta ajiye muciyar, ta zagayo ta bayan tebur har cikin rumfar Ermine, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tsamiyar nan ban sa mata sukari ba tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ko akuya ta ci sai ta yamutsa fuska. Tun yaushe?"

Ermine ta so ta musa. Ta buɗe baki, sai ta ji idonta ya ciko. Ta juya tana gyara murfin da ba ya buƙatar gyara.

"Tun zazzaɓin nan."

"Kuma kika rasa wanda za ki kira sai Cuthbert? Mutumin da ya taɓa cinye abincin kare a gidan ƙanwarsa ya ce a ƙaro?"

"Ina jin ki fa," in ji Cuthbert daga sama.

"Don ka ji na faɗa. Ke, ba ni cokali."

Odetta ta ɗebi romon, ta juya shi a baki, ta lumshe ido.

"Sa gishiri. Ƙara. Ƙara dai, hannunki ba zai karye ba."

Ermine ta tsaya da gishirin a tafin hannu. A ganinta wanda ta zuba ya isa. Ta dubi fuskar Odetta, fuskar da ta saba gani tana murmushin mugunta duk ranar da aka kira sunanta a lasifika.

"Odetta, in kika kashe mini tukunya, ko a lahira sai mun yi shari'a."

"Da kashe ki nake so, ai shiru kawai zan yi in koma rumfata. Zuba."

Ta zuba. Odetta ta sake ɗanɗanawa, ta ce a tsamo attaruhun nan kafin ya fashe, a matsa lemun tsami kaɗan, a ƙara tafarnuwa. A kan tafarnuwar suka yi ta musu. Ermine ta ce kakarta ba ta taɓa ƙara tafarnuwa bayan kwakwa ta tafasa ba. Odetta ta ce shi ya sa kakan Ermine yake yawan cin abinci a maƙwabta. Makaɗan gangar ƙarfe suka fara gwaji a dandali, layi ya fara taruwa a gaban rumfa, su kuwa suna sunkuye a kan tukunya ɗaya, kai da kai.

"Yauwa," in ji Odetta a ƙarshe, ta lashe bayan cokalin. "Kada ki ƙara taɓa ta."

"Wai ni kaɗai ke jin ƙauri ne?" Cuthbert ya tambaya.

Odetta ta ɗaga hanci. Ta saki cokalin.

"Wayyo, fatena!"

Ta kwasa da gudu, ɗankwali na zamewa. Yayarta da ya kamata ta tsaya mata ta tafi mota ɗauko ƙanƙara, wuta kuma ta ci ƙasan tukunyar son ranta. Duk masu rumfunan layin sun toshe hanci. Ermine ce kaɗai ba ta ji komai ba, sai hayaƙin da ta gani. Odetta ta juye na saman a wata tukunya, ta ɗanɗana, ta tofar. Ƙaurin ya ratsa ko'ina.

"Bari in ɗebo miki rabin nawa," in ji Ermine. "Ai da hannunki a ciki."

"In kai wa alƙalai kaguwa, duk Tobago ta ce na yi sata? Je ki sallami mutanenki. Ina da wainar gwaza, ina da tsamiya. Ba a kaina aka fara ba."

Kafin azahar tukunyar Ermine ta kusa ƙarewa. Alƙalai suka zo, suka ci, suka yi rubuce-rubucensu suka wuce. Wani tsohon direba daga Arima, Mista Lennox, wanda ba ya fashin zuwa, ya tsotse ƙafar kaguwa ya share gemu.

"Tanti, gaskiya ban taɓa cin irin na bana ba. Na sauran shekarun ma da daɗi, amma wannan ya taka su duka. Me kika canza?"

Daga rumfar gefe aka yi wani tari mai ƙarfi.

"Tsufa ne, Mista Lennox," in ji Ermine. "Hannu yana ƙara nuna."

"Tafarnuwa ce!" Odetta ta ɗaga murya, ko juyowa ba ta yi ba.

Da la'asar aka kira sunaye. Wata malamar makaranta daga Castara ce ta zo ta ɗaya da askirim ɗin gwaza, Ermine ta biyu. Ermine da Odetta suka haɗu a kan cewa askirim ba girki ba ne, kuma alƙalan bana mura suke yi.

Jama'a suka koma wajen kiɗa. Ermine ta lura tun safe ba ta sa komai a cikinta ba sai tsamiya. Ta ɗauki faranti ta zagaya rumfar Odetta, ta same ta zaune a kan akwatin lemo, ta cire takalmi, tukunyar faten na gefe ba wanda ya taɓa.

"Zuba mini."

"Kin haukace? Aladun ɗan'uwana zan kai wa, su ma ban san ko za su karɓa ba."

"Duk tsibirin nan ni kaɗai ce zan iya cin abin nan in gode miki. Zuba."

Odetta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cika mata farantin. Ermine ta zauna kusa da ita tana ci, suna kallon Cuthbert can a dandali yana rawa da kafaɗa kaɗai saboda gwiwa.

A tsakiyar farantin ta daina tauna. Can ƙarshen harshenta, kusa da maƙogwaro, wani abu ya motsa, siriri kamar zare. Ta tsaya cik don kada ya gudu. Ta sake kai loma, ta riƙe ta a baki.

"Odetta."

"Mene ne? Ƙaya ce?"

"Abin nan da ɗaci."

"To da fa? Ai na gaya miki ya..." Odetta ta katse maganar. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ta.

Ermine ta share ido da bayan hannu, ta miƙa farantin.

"Ina tsohuwar tukunyar? Kankaro mini ƙanzon."