Tawadar Baba Abdulbaƙi

"Ɗan ɗaga mini wannan, ya Khala, haske ya same shi."

Usama ne, tsugune gaban kwalaye tara da ke jere a jikin bango, waya a hannunsa yana nuna wa wani mutum abin da ke ciki. Azumi ta dube shi, ta dubi kofin kunun da take ba Baba Abdulbaƙi a baki, ta ci gaba da abin da take yi. Ita ba ta zo ɗakin nan don ta ɗaga wa Usama komai ba.

Kwana uku ke nan da aka sallamo tsohon daga asibiti, irin sallamar da likita ba ya haɗa ido da mutum. Ba shi da ɗa, matarsa Luba ta riga shi rasuwa, magajinsa ɗaya ne a duniya, wannan Usaman, ɗan ƙanensa, mai ce masa Ammi, wato baffa. Azumi, da Usama ke ce wa Khala, wato inna, maƙwabciya ce kawai, ƙofa na kallon ƙofa a wani tsohon bene a unguwar Madain Fahd ta Jidda, amma ita ke dafa masa, ita ke wanke masa kwano.

Mutumin da ke cikin wayar, wani Meshari mai saye da sayar da tsofaffin mujallu, ya ɗaga murya da Larabci. "Kada ka fitar da ita daga leda! Juya mini bangon. Babu baƙi a jiki? Ko ɗigo?"

"Wallahi fes take, duka haka suke," in ji Usama.

"Ya salam. Ka san abin da ke hannunka? Ana buga irin waɗannan ne sau ɗaya, lokacin da babban fim ya fito, a zana labarinsa a takarda. Duk waɗanda suka shigo ƙasar nan a wancan zamani an shafe su da baƙi. Yaran da suka karanta su yanzu su ne manya masu hali, suna neman masu tsabta ido rufe. Kowace shekara daraja ƙaruwa take yi. Ka rufe, kada danshi ya shiga, ina nan zuwa."

Usama ya kashe waya yana washe baki, ya matso bakin gado ya sumbaci goshin tsohon. "Ya Ammi, kai fa mutum ne mai hangen nesa." Ya ajiye kwalbar lemo mai zaƙi kusa da mai ciwon sukari, ya fita.

Azumi ta bi bayansa da harara har ya sauka bene. Mai hangen nesa! Yau kuma.

Ta san tarihin kwalayen nan kamar yadda ta san tukwanenta. Shekara talatin Baba Abdulbaƙi ya yi a ɗakin ajiyar wani kamfanin shigo da mujallu a Balad, tsohon cikin gari, aikinsa ɗaya: ya buɗe kowace mujalla, duk inda ya ga hannun mace a waje ko ƙafa ko sumba, ya bi da baƙin alƙalami mai kaurin baki ya rufe. A lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a Jidda, don haka shi a takarda ya kalli finafinansa. Duk kayan da suka iso, kafin alƙalami ya taɓa su, sai ya sayi kwafi ɗaya daga albashinsa, ya sa a leda da ɗan kwali a baya don kada ta lanƙwashe. Mutane suna yi masa dariya, babba da littafin yara. Luba kaɗai ke zama ya fassara mata.

Shekarar da aka rushe unguwarsu ta Kurayyat, kowa na neman inda zai sa kansa, Usama ya zo da motar ɗaukar kaya. Ya loda firji, ya kwance mukayyif, na'urar sanyin ɗakin, ya ce zai ajiye musu har su zauna. Da aka zo kan kwalaye ya ce motarsa ba ta ɗaukar shara, ya sa ƙafa ya ture biyu cikin kwata. Azumi na tsaye ta ga tsohon a durƙushe a rana yana tsamo takardu daga ruwan datti. Firji da mukayyif ba su dawo ba. Luba, da hawan jininta, ta yi bazarar nan a sabon ɗaki da fanka ɗaya, ba ta ga ƙarshenta ba. Azumi ce ta yi mata wanka, kuma tun ranar ba ta ƙara amsa sallamar Usama da zuciya ɗaya ba.

"Azumi." Muryar tsohon ta fito a shaƙe. "Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

"Ki je kantin kayan makaranta na bakin titi. Ki sayo mini baƙin alƙalami, mai kaurin baki, wanda ba ya goguwa. Guda shida. Da salatif."

Ta tsaya da kofi a hannu. Ta gane, kuma wani daɗi ya tsarga mata tun daga ƙirji har tafin ƙafa, daɗin da ta ji kunyarsa. "Baba, gado ne fa."

"Na mutu ne?"

"A'a."

"To halas. Muddin ina numfashi kayana ne. Ki tambayi duk shehin da kika ga dama. Yalla, yi maza."

Washegari da safe suka fara, ƙofa a buɗe kamar kullum, fanka na juyawa. Ta jingina shi da filo uku, ta ɗora masa faranti a cinya a matsayin tebur. Tana zaro mujalla daga leda, yana karɓa da hannu biyu kamar jariri, ya duba bangon, sannan ya ja layi. Ba kwasar-karan-mahaukaciya yake yi ba. Hannun da ke rawa in zai ɗauki cokali, da ya riƙe alƙalami sai ya nutsu. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ja ɗaya. Daga gwiwa zuwa idon sawu, ja ɗaya. Inda babu mace a bangon, sai ya rufe fuskar jarumin.

"Wannan," ya ce, "jirginsu ne ya ɓace tsakanin taurari, suka yi shekara ɗari suna neman gida. Na yi wata guda ina mafarkinsa." Ya ja baƙi a kan jirgin.

In kwali ya cika sai ta mayar da komai cikin leda, ta rufe, ta naɗe da salatif. Da yamma Usama ya zo ya ga kwalaye a ɗaure.

"Danshin Jidda," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Ba abokinka ya ce a rufe ba?"

"Sah, sah, gaskiya ne! Allah ya ƙara maka lafiya, ya Ammi."

Azumi ta juya fuska bango don kada dariya ta tona ta.

Rana ta uku hannun ya ƙi. Alƙalami ya faɗi sau biyu, na uku ya miƙa mata. Ita ke ja, shi ke faɗa mata inda za ta fara da inda za ta tsaya, yana yi mata faɗa in ta karkace, wai aiki ko na ɓarna ne a yi shi da kyau. Sun kai kwali na bakwai ta zaro wata mai hoton mace tsaye a kan dutse, iska na kaɗa gashinta. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Luba ta sa na karanta mata wannan ya fi sau ashirin. Wai matar ta yi kama da yayarta." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Ba ni. Wannan ni zan yi."

Ya ɗauki kusan minti goma a kan bango ɗaya. Azumi ba ta taimaka masa ba, ba ta kuma kalle shi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar suka gama na takwas. Saura ɗaya, na can ƙarshe, mafi tsufa, wanda Meshari ya fi yi wa ihu a waya. Ta jawo shi tsakiyar ɗaki, ta juyo za ta ce Baba ga na ƙarshe, sai ta ga numfashinsa ya canza. Ta saki kwalin ta matso, ta riƙa faɗa masa kalmar shahada a hankali. Leɓensa ya motsa tare da nata sau ɗaya. Daga nan shiru.

Ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwali, ta miƙar da ƙafafunsa, ta ja mayafi ta lulluɓe shi. Ta yi salati, ta yi kuka kaɗan, ta nufi ƙofa don ta kira maza.

A bakin ƙofar ta tsaya. Azumi ba jahila ba ce, ta yi karatun allo ta yi na masallaci. Ta sani sarai cewa daga numfashin nan na ƙarshe kwalin da ke tsakiyar ɗaki ya tashi daga hannun Baba ya koma hannun Usama, kuma duk abin da ta yi masa yanzu ba umarnin mai kaya ba ne, nata ne, ita za ta amsa shi. Zafin la'asar ya cika ɗakin, fanka na ta kaɗa iska mai ɗumi a kan gawar. Ta tura ƙofar ta rufe, karo na farko tun da take shiga ɗakin.

Ba ta bi kafaɗa ko gwiwa ba. Ta riƙa dirza baƙi a kan duk abin da ta samu, fuska, suna, sama da ƙasa, tana dannawa har bakin alƙalamin ya fashe tawada ta malalo mata a yatsu. Ta ɗauki wani ta ci gaba. Da ta gama ta naɗe kwalin, ta mayar da shi wurinsa, sannan ta buɗe ƙofa ta ƙwala kira a bene.

Usama bai iya jiran kwana ukun zaman makoki su cika ba. Rana ta biyu bayan la'asar ya hawo da Meshari, dogo mai farar riga, da safar hannu a aljihu. Azumi ta kawo musu gahawa da dabino, ta tsaya daga bakin ƙofa da faranti.

Meshari ya sa safar hannun, ya yanka salatif, ya zaro ta farko. Ya zaro ta biyu. Ya buɗe wani kwalin, da wani. Usama ya fara fizgo su da kansa yana watsarwa a ƙasa, yana neman ko ɗaya mai tsabta.

"Nawa za su yi a haka?" Usama ya tambaya.

"A haka? Irinsu na cike a kasuwar gwanjo." Meshari ya ɗaga wata yana dubawa a haske, kamar abin ya burge shi. "Amma wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Dubi layin."

"Wa ya yi? Ya Khala, wa ya yi wannan?"

"Amminka ne ya koma bakin aikinsa," in ji Azumi. "Kayansa ne, yana raye."

Meshari ya kai ga kwali na tara. Ya zaro ɗaya, ya juya ta, ya girgiza kai. "Wannan kam ba hannunsa ba ne. Wannan mai fushi ne ya yi."

Usama ya juyo a hankali. Idonsa ya sauka a kan farantin, a kan yatsun da ke riƙe da shi, baƙi ƙirin har gindin farce. Azumi ba ta janye su cikin mayafi ba. Ta ma ƙara miƙo farantin gaba.

"Sha gahawa, Usama," ta ce. "Mukayyif ɗin Luba yana nan yana yi maka sanyi?"

Meshari ya dubi wannan ya dubi wancan, ya cire safar hannunsa, ya yi wa mamaci addu'a, ya sauka. Usama ya bi shi a baya, yana taka mujallun da ya watsar, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Da aka kira magariba ta shiga ɗakinta ta yi alwala. Ta goga lemon tsami, ta goga sabulu da soso har fatar ta yi ja, tawadar tana nan. Ta yi salla a haka. Bayan sallama ta ɗaga hannu ta roƙa wa Baba Abdulbaƙi gafara, ta roƙa wa Luba, ta roƙa wa iyayenta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan nata laifin sai ta sauke hannu, ba ta roƙa ba. Ta daɗe zaune a kan darduma, tafukanta a buɗe bisa cinya, tana kallon baƙin da ke yatsunta.