Kududdufin da Aka Zaɓa wa Kafinta

Shekara talatin da wani abu Kafinta ya yi yana fatsa a kogin da ke bayan gidansa. Sana'arsa katako ce, amma duk ranar da ya rufe shago da wuri, a bakin ruwa za a same shi. Sai bara jiri ya kayar da shi a tsakiyar shago, ya yi sati biyu a gadon asibiti. Da aka sallame shi, 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ta ƙi barinsa shi kaɗai. Ta tattaro shi zuwa garin da take aikin jinya, ta ba shi ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta.

Kwana uku ya yi yana kallon katangar, ran na huɗu ya fita neman ruwa. Ya tambayi mai shagon da ke sayar da ƙugiya da zare a bakin kasuwa. Mutumin ya ce ai wurin kifi bai wuce kududdufin bayan gidan bulo ba. Ya tambayi mai facin taya na kan kwana, wanda aka ce shi ma yana taɓa fatsa, ya ba shi amsa iri ɗaya. Mai wankin mota ma haka. Kafinta ya ce a ransa, mutum uku ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Kududdufin kuwa ruwansa iya gwiwa ne, kore shar, leda na yawo a kai. Ya sa tana, ya sa gara, ya sa hanjin kaza, har ƙullin gari ya kwaɓa ya gwada. Sati uku cur, abin da ya samu kwaɗi biyu ne da wani kifi da bai kai ɗan yatsa ba. Masu buga bulo suka fara yi masa barka da kamu tun daga nesa. Ɗaya har ya tambaye shi ko a kawo baro a kwashe. Kafinta ya riƙa komawa gida zuciyarsa na tafasa, yana zargin ƙugiya, yana zargin zare, daga baya ya fara zargin hannunsa. Wannan shi ya fi cin ransa, tunanin cewa ciwon ya tafi da abin da ya iya.

Wata safiya ya tsaya wurin mai faci yana masa ƙorafi. Mai faci na fama da wata taya, bakinsa ya suɓuce, ya ce ai shi ma ya faɗa wa surukin Kafinta cewa tsohon zai gane, kududdufin nan ko mage ba za ta ƙoshi da shi ba. Sai ya duƙufa a kan tayar kamar yau ya fara ganinta. Da Kafinta ya matsa masa, ya faɗi gaskiya: mijin Uwata ne ya zagaya ya roƙe su, duk wanda tsohon ya tambaya, a tura shi inda ko ya faɗi ba zai nutse ba.

Ya tarar da Uwata da mijinta a tsakar gida, ita tana shirin fita aiki, shi yana goge babur. Ya jingina gorarsa ta fatsa da bango a hankali, don ya san in bai ajiye ta ba zai karya ta. Surukin ya fara rantse-rantse, Uwata ta katse shi, ta ce ita ta sa shi.

"Baba, ni na yi jinyarka sati biyun nan. Kullum ina ganin irin ku a asibiti. Me kake so in yi?"

"Ki ce mini kada in je," in ji shi. "Da kin faɗa, da mun yi faɗanmu ni da ke, na san da wa nake yi. Amma kin sa unguwa guda tana kallona ina zaune gaban ruwan kwaɗi kamar wawa. Ni da na koya miki ɗaura ƙugiya."

Ta ce don lafiyarsa ta yi. Ya ce lafiyar da za a saya masa da mutuncinsa ta riƙe kayanta. Surukin ya ce a yi haƙuri, Kafinta ya ce masa ya ci gaba da goge baburinsa, tunda yawon unguwa ya iya.

Washegari bai tambayi kowa ba. Ya bi magudanar da ta ratsa bayan kasuwa, yana lura da inda ciyawa ta fi kore da inda zalɓe ke sauka. Bayan tafiyar kusan awa ɗaya ya isa ƙarƙashin wata gada, inda wani rafi ya buɗe ya zama tafki mai zurfi, ruwan baƙi, saiwoyin itace sun nutsa a gefe. Ya jefa yadda ya saba a kogi, dalma mai nauyi na jan ƙugiyar har ƙasa. Shiru. Da ya jawo sai ya ga tanar ta fito lulluɓe da laka. Kogin garinsu yashi ne a ƙasa, nan kuwa taɓo ne, abincin yana nutsewa inda kifi ba zai gan shi ba. Ya rage dalmar, ya yanki guntun tsohon silifa da ya tsinta, ya ɗaura a zaren don ƙugiyar ta tsaya taƙi ɗaya sama da lakar. Kafin rana ta take, silifan ya nutse sau biyu, ya fito da tarwaɗa biyu, kowace kamar damtsensa.

Wajen hawowa gangaren gadar ne ƙafarsa ta hagu ta ɗauki rawa, idonsa ya yi duhu. Ya zauna a kan dutse ya riƙe ciyawa har abin ya wuce. Babu kowa a wurin. Ya daɗe a zaune yana jin haushin ƙafar, yana jin haushin Uwata da ta san haka za ta faru.

Kifin bai shiga tukunyar gidan ba. Matar maƙwabci ya ba, a gaban surukin. Da Uwata ta dawo aiki ya kwatanta mata gadar dalla-dalla, ya ce daga yau zai riƙa ɗaukar wayar da ta saya masa, kuma zai dawo kafin rana ta yi zafi. Bai faɗa mata abin da ya same shi a gangaren ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce ba shawara yake nema ba, sanarwa ce.

Sai da aka yi wata biyu kafin ya yarda ya ci abinci tare da surukin. Mai faci kuwa ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya kuma tambayi inda ake samun tarwaɗar nan da unguwa ke magana. Kafinta ya amsa gaisuwarsa, ya ce yana da aiki a ciki, ya tura ƙofa.