Takardar Jan Biro

Yarinyar cikin majigin ta zube ƙasa tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta, sai matar hedimasta ta kasa ɗauke ido daga kanta. An toshe tagogin ajin da barguna saboda hasken la'asar, jama'a sai fifita suke da murfin littafi, amma ita sanyi ta ji har cikin ƙashi. Haka 'yarta take faɗuwa, haka ɗin nan, har yadda yatsun ƙafar ke lanƙwashewa.

Shekara huɗu ke nan 'Yar Baba tana kulle a ɗakin ajiya da ke ƙuryar gida, tun ranar da ta faɗi a gaban ɗalibai. Uban da ya laƙaba mata wannan suna don tsabar so, shi ya sayo kwaɗon da hannunsa. In baƙi sun tambaya, a ce tana wurin gwaggonta. Yarinyar majigin kuwa, ƙwaya 'yar mitsitsiya take sha safe da yamma, har ta koma makaranta da jakarta.

Da aka kashe na'ura, nas ɗin da ta kawo majigin ta raba ƙananan takardu.

"Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma tana da magani," in ji ta. "Mai jin nauyin magana ya rubuta tambayarsa, ba sai ya sa suna ba, ya jefa a kwalin nan. Duk wadda aka karanta zan amsa."

Matar ta lalubi jakarta. Ba komai sai jan biron da mijinta ke gyara jarrabawa da shi, wanda ta cire daga aljihunsa kafin wanki. Ta rubuta: 'Yata tana da ciwon, shekara huɗu a kulle, ina zan kai ta?

* * *

Hedimasta, da yake shi ne mai masauki, shi aka miƙa wa kwalin. Shi kuwa Malam akwai iya magana. Ya ce ɓoye mara lafiya jahilci ne tsagwaronsa, aka tafa masa. Wani tela ya miƙe ya ce shi a da ko kofi ba ya haɗawa da mai farfaɗiya, amma yau ya tuba. Wata tsohuwa ta ce ai duk laifin iyaye ne. Kowa ya yi ta zuba a kan waɗansu mutane can da ba su cikin ɗakin.

Sai jan rubutu ya fito. Malam ya ƙura masa ido. Shi ya koya wa matarsa riƙe biro a shekarar aurensu ta fari, hannunsa a kan nata, ina zai kasa gane shi? Bai dubi sashen mata ba. Ya ninke takardar gida huɗu.

"Wannan ba ta karantuwa."

"Kawo in gwada, Malam," in ji nas.

"Bar shi kawai, shirmen yara ne."

Aka yi dariya, ya zura ta a aljihu. Matar ta so ta miƙe, wallahi ta so, amma ta ci gaba da zama. Tana ji tana gani aka sauke bargunan, aka naɗe farin ƙyallen majigin, motar nas ta tashi.

A gida bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Ba ni birona." Ta ba shi.

* * *

Washegari tana wanki a tsakar gida, ta ji wani abu a aljihun farar rigarsa. Takardar ce, ta jiƙe ta zama dunƙule, jan ya kama yadin.

"Umma," muryar ta fito ta ƙasan ƙofar ɗakin ajiya, "me aka nuna jiya?"

"Wata yarinya ce mai irin ciwonki."

"Ta mutu?"

"A'a. Ta warke, har ta koma makaranta."



"Wa ya kai ta asibiti?"

Matar ta ƙara sabulu, ta ci gaba da murza aljihun. Malam ba ya son tabo a rigarsa.