Gyang da Sauransu

Takardar da kwamitin ƙarin girma ya aiko wa Dakta Firisila Dalyop ba ta kai layi goma ba. Sun yaba, sun gode, sannan suka ce da saura: sai an ga muƙala shida da sunanta ke kan gaba kafin a ba ta farfesa, ita kuwa biyar gare ta. A Disamba za ta cika sittin da biyar. Farfesa yakan kai saba'in a bakin aiki, wanda bai kai ba sai ya miƙa makulli ya koma gida. Makullin nan kuwa na ɗakin bincikenta ne, inda firiza uku ke riƙe da jinin iyalai ɗari huɗu.

Biyar! Kai jama'a, abin da ciwo.

Sikila ce ta kashe ƙanenta Natana'el yana ɗan shekara tara, alhali maƙwabcinsu a Anguwan Rukuba, mai ciwo iri ɗaya, har jikoki ya gani. Me ya sa? Tambayar da ta cinye mata ƙuruciya ke nan. Ta bi ƙauyukan bayan Vom da kular ƙanƙara a hannu tana roƙon iyaye ɗigon jinin 'ya'yansu. In an ɗauke wuta, da kanta take rugawa kasuwar Terminus sayen ƙanƙara. Sai bayan shekara goma sha ɗaya ta gano wani ɗan bambanci a ƙwayar halittar da ake gada, wanda ke sassauta ciwon a wasu gidaje.

Muƙalar ta zaga duniya, masana sun ambace ta fiye da sau dubu uku. To amma da wane suna? A wannan sana'a, in marubuta sun yi yawa, na farko kaɗai ake kira, a dunƙule sauran. Ko'ina aka buɗe, abin da za a gani shi ne "Gyang da sauransu".

Marigayi Farfesa Gyang shi ne shugaban sashensu a lokacin. Ko sirinji ɗaya bai taɓa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, bawan Allah bai ma roƙa ba. Ita ce da yatsunta ta buga sunansa a gaba, don a gidansu yaro ba ya riga babba sa hannu a kwanon gwate. Da ya gani sai ya gyara tabarau ya ce, "Kina da tarbiyya, 'yata." Shi aka gayyata ƙasashen waje, ita kuma tana nan tana gadin firiza.

Tana cikin wannan takaici Dakta Kausar Bala ta yi sallama. Ɗalibarta ce a da, yanzu abokiyar aiki, uwar 'ya'ya uku. Shekara huɗu ta yi tana bin jikokin iyalan nan, kuma mujalla ta karɓi aikin, jerin sunaye kawai ake jira. Ta ajiye takardun a tebur.

Firisila ta duba. Sunanta ne a gaba.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Mama. Ke ce babba. Kuma na ji abin da kwamiti suka ce. Wannan ta cika shida, in aka tura yau za ta fito kafin Disamba."

Gaskiya ce, za ta cika. Ƙarin shekara biyar na aiki ke nan a kan tebur, da makulli, da firiza ukun da ta san in ta tafi babu mai kula da janaretansu kamar ita. Wallahi ta so.

"Wa ya je Vom cikin ruwan Agusta?"

"Ni ce, amma..."

"Wa ya bar jaririya tana zazzaɓi ya zo duba firiza?"

Kausar ta sunkuyar da kai. "Haba Mama, tarbiyyar da aka yi mana ke nan."

Kalmar ta doki Firisila a ƙirji. Ta fizgi jan biro, ta soke sunanta har takardar ta yage, ta mayar da shi can ƙarshe, bayan na mai awon jini, na Kausar ya zama na farko.

"Kada ki sake faɗa mini wannan kalma," ta ce. "Je ki tura."

"Za su karɓe makullin fa."

"Na sani."

Kausar ta ɗauki takardun, idonta ya ciko. Ta kai ƙofa ta juyo. "To ke fa, Mama? In an ambaci aikin nan, ina sunanki zai fito?"

Firisila ta ninke takardar kwamiti ta jefa a aljihun tebur.

"Bala da sauransu," ta ce. "Tafi abinki. Shekara ashirin ina zaune a cikin sauransu, na san wurin."