Saiwoyin da Tela Ya Rage

Tsagar ta faro ne daga ƙasan bangon ɗakin Inna, siririya kamar zare, ta yi ta hawa har ta kai gindin taga. Tela ya liƙe ta da siminti, ta buɗe. Ya sake liƙewa, ta buɗe har da 'ya'ya. Mutumin da ya tsufa yana ɗinke abin da ya yage, sai ga shi tsaye hannu a ƙugu, ya gamu da yagewar da ta fi ƙarfin keken ɗinki.

Inna mahaifiyarsa ce. Ɓarin jikinta ya shanye, gadonta kuma a jikin wannan bangon yake, don gidan ba shi da wani ɗakin da za a kai ta. Kullum da safe matar Tela sai ta kakkaɓe ɓurɓushin ƙasa daga bargon tsohuwar, ta kalli mijinta, ta fita. Da ta yi magana ma da ya fi masa sauƙi.

Maginin da aka kira bai daɗe yana dubawa ba. Ya zaga lungun da ke bayan ɗakin, ya nuna bishiyoyin dogon yaro uku da ke tsaye a bayan katanga, cikin gidan maƙwabci. Ya ce saiwoyinsu ne suka ratso ta ƙasa suna ɗaga ginin, kuma in damina ta same shi a haka, bangon zai kwanta a kan wanda ya fi kusa da shi.

Maƙwabcin tsohon direban babbar mota ne, gwiwoyinsa sun gaji kafin shi. Shekarar da ya ajiye tuƙi ya dasa bishiyoyin, yanzu kuma a ƙarƙashinsu yake yini, a kan kujerar mota da ya ciro, rediyo a cinya. Tela ya shiga wurinsa, ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi yara, ya sake tambayar gwiwa, sannan ya kawo maganar a kaikaice kamar mai neman aron tsani.

Direba ya yi dariya har da tari. Ya ce ai bangon ne aka yi wa ƙwauron siminti, kamar yadda ake yi wa rigunan mutane ƙwauron yadi a wani shago da ya sani. Sannan ya daina dariyar.

"Abin da ya leƙo gidanka naka ne, Tela, ka sare. Amma gindin, sai bayan raina. Rana ta ci rabonta a jikina a kan titi, ba zan ƙara mata ko loma ba."

Tela ya yi irin dariyar wanda surukinsa ya taka wa ƙafa, ya yi sallama ya fito.

Matarsa ta ce ya tara dattawan layi a zauna, ko ya kai ƙara. Tela ba mutumin taro ba ne. Abin da ya sani a duniya shi ne, in riga ta yi wa mutum yawa ba a yi masa gardama, juya ta ake yi a rage ta ciki, inda ido ba ya gani. Kuma ai da bakinsa Direba ya ce abin da ya leƙo. Bai ce ta sama kawai ba.

Duk ranar da aka kai Direba asibiti duba gwiwa, sai Tela ya rufe shagonsa da ke ƙofar gida ya shiga lungu da diga da gatari. Ya haƙa rami a gindin katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Saiwoyin na nan kwance, wasu kamar yatsa, wasu kamar cinyar ƙato. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana datsewa, kuma da yake hannu ba ya manta sana'a, duk a layi ɗaya ya yanke su, tamkar ya ja alli. Guda ɗaya ce ta gagare shi, wata jibgegiya da ta nutse ƙarƙashin ɗakin Inna. A kanta ƙotar gatarin ta karye, gadon bayansa ma ya ce ya isa. Ya bar ta, ya mai da ƙasa, ya daddale, ya share, ya jera tsofaffin bokitai a kai.

Bishiyoyin ba su ko yi yaushi ba. Tsagar ta tsaya inda take. Tela ya koma gaisawa da Direba ta kan katanga da fara'ar da shi kansa ta ba shi kunya.

Hadarin farko ya taso ne da la'asar, iskar ta biyo ta kan rufin Tela ta nufi gidan Direba. Yana kan keke ya ji wani dogon nishi daga ƙasa, sannan gidan ya girgiza. Bishiyar tsakiya, da ba ta da sauran abin da ke riƙe da ita ta wannan ɓangaren, ta tafi can. Jibgegiyar saiwar da ya bari ta taso da ita, ta ɗaga katangar da kusurwar ɗakin gaba ɗaya.

Ya sami Inna cikin ƙura, ruwa na zuba mata a fuska ta inda dā bango yake. Idonta biyu, tana numfashi. Ya sungume ta ya kai shago, ya shimfiɗe ta a kan teburin yanka. Sai a lokacin kunnensa ya ɗauki kukan da ke tashi a maƙwabta.

Direba ya tsaya ɗaukar rediyonsa ne, gwiwa kuma ba ta san sauri ba. Gangar bishiyar ta same shi a ƙugu. Mazan layi suka taru da zarto da gatura, Tela a cikinsu, ya fi kowa sara. Da aka zaro tsohon aka sa a mota, mutane suka juyo. Gindin bishiyar na tsaye ya fi mutum tsawo, yana fuskantar gidan Tela, ruwa ya wanke shi tas. Ga bakin saiwoyin nan a jere, a datse, babu wadda ta fi wata tsawo. Aka kalli gindin, aka kalli Tela. Wani dattijo ya ce, a hankali, wannan yankan na gwani ne. Aka watse.

Direba ya dawo daga asibiti a kan katifa, likitoci sun ce shi da tafiya sai dai a ɗauke shi. Tela ya je gaishe shi, babbar 'yarsa ta tare ƙofa.

"Baba ya ce a tambaye ka jikin Inna."

"Da sauƙi. Ko zan iya..."

"Abin da ya ce ke nan."

Ba a kai ƙara ba, ba a tara kowa ba. 'Ya'yan Direba suka kawo masu injin yanka suka kwantar da sauran bishiyoyin biyu, suka ja katanga sabuwa ta ɓangarensu, doguwa, ba ko kafar leƙe. Magini ya zo ya duba ɗakin ya ce sai an rushe shi har ƙasa, ya ƙara da cewa shi aiki ya yi masa yawa a bana. Masu kawo ɗinki suka riƙa aiko a karɓar musu yadinsu haka nan ba a taɓa ba.

Inna na nan a shago, an kafa mata gado tsakanin keke da teburin yanka, an tare ta da labulen wani da bai dawo karɓa ba. Takan kira shi da muryarta da ta karkace, ta tambaye shi yaushe za a mai da ita ɗakinta.

"Gobe, Inna," in ji Tela, ba tare da ya ɗago daga keken ba. "Saura kaɗan a gama."