Dubiyar da Ta Hana Auta Cin Abinci

Shekara goma sha ɗaya Sista ta yi tana aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, biyar daga ciki a ɗakin ƙarshen baranda, inda ake kwantar da waɗanda suka ƙaurace wa abinci. Ta ga mai ɓoye dafaffen ƙwai a cikin safa, ta ga mai ɗirkar ruwa kofi takwas kafin a ɗora ta a sikeli. Duk da haka babu wadda ta taɓa gajiyar da ita kamar Auta.

Auta ɗalibar jami'a ce mai shekara ashirin da biyu, an kawo ta bayan ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin jarrabawa. Ban da ƙin abinci, tana da wata lalurar da likita ya rubuta da dogon suna a fayil. Sista ta fahimce ta a taƙaice: in Auta ta so ka da safe, babu kamarka a duniya, kafin la'asar kuma ka zama maƙiyinta, kuma duka biyun har zuciyarta take yi.

Dokar ɗakin ita ce minti talatin na cin abinci, nas tana zaune a gefe. Auta takan yanka ayaba ɗaya gida goma sha shida, ta jera, ta sake jerawa.

"Sista, man shinkafar yau ya fi na jiya."

"Daidai yake da na jiya."

"Kin auna?"

"Ki ci. Saura minti goma sha biyu."

Da irin wannan jan-in-ja aka samu Auta ta ƙara kilo uku cikin sati shida, likita ya yarda iyayenta su zo dubiya ranar Asabar.

Sista ta tare su tun a baranda. Baban dogo ne mai shagon kayan gini, ba ya son yawan magana. Maman kuwa tun daga ƙofa ake jin muryarta.

"Mama, Baba, ku yi haƙuri in roƙe ku abu uku. Kada ku ce ta yi ƙiba, kada ku ce ta rame, kada ku tambaye ta me ta ci."

"To in ce ta yi kyau?" in ji Mama.

"Shi ma a'a. In kin ce ta yi kyau, ita ƙiba za ta ji."

"Ikon Allah. To ya jiki fa? Ko shi ma an hana?"

Sista ta ce, "Ki bar jikin. Ki ce sannu kawai."

Baba ya lissafa dokokin da yatsunsa, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba wa amanar makullin banki.

Suka shiga, suka ce sannu, Auta ta amsa. Daga nan shiru ya sauka. Mama ta kafa wa takalminta ido don kada ta kalli kumatun 'yarta bakinta ya suɓuce. Baba ya ɗaga kai ya duba fanka, ya ce wanda ya ɗaura ta bai san aikinsa ba. Sau biyu Mama ta buɗe baki, sau biyu ya taɓa ta da gwiwar hannu. Sista tana leƙe ta gilashin ƙofa, ji take kamar ta shiga ta girgiza su. Awa guda aka ba su, a minti na ashirin suka miƙe suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da aka kawo abincin rana, Auta ta ture tiren da bayan hannu.

"Kin gani ko? Mama ko kallona ba ta iya yi. Sun ga yadda kuka mai da ni."

Sista ta ja numfashi. Tana iya yin shiru, amma ta san yarinyar za ta kwana tana juya maganar, don haka ta faɗa mata gaskiya. "Ba ƙyamarki suka yi ba. Ni na hana su maganar jikinki, su kuma suka zarce."

Auta ta zuba mata ido. Jiya-jiya ta ce da ma Sista ce ta haife ta. "Ashe ke ce munafukar. Wa ya aike ki ki shiga tsakanina da uwata? A canza min nas."

"Ba za a canza ba. Ni ce da ke har ƙarfe biyu."

Kwana biyu Auta ba ta sa komai a baki ba sai madarar da ake ba wanda ya ƙi abinci, ita ma sai an yi ta fama. Ranar Litinin likita ya ce in aka kai Alhamis a haka, sai a sa mata robar ba da abinci ta hanci. Ya dubi Sista ta saman tabarau ya tambaye ta me takamaimai ta ce wa iyayen. Ta faɗa masa. Ya ce ai daidai ta faɗa. Wannan ya fi komai ba ta haushi, domin ga daidai ɗin can ya juya wa bango fuska ya ƙi cin abinci.

Ta kira Mama a waya.

"Ai ke kika ɗaure mana baki, Sista. Ni da 'yata na zauna kamar baƙuwa."

"Ban ce ku zama kurame ba, Mama. A gida wace hira kuke yi da ita?"

Mama ta ce, "Gaskiya yawanci faɗa muke yi."

"A kan me?"

"Ƙazantar ɗakinta. Da yayarta da suke rigima a kan kaya."

"To don Allah ki zo ranar Laraba ki yi faɗan."

Ranar Laraba Mama ta zo ita kaɗai. Ba ta gama sallama ba idonta ya sauka kan tulin kayan da ke ƙarƙashin gado.

"Ashe har asibiti kika kawo halin naki? Mayafi a ƙasa, tawul a jiƙe. Gara da yayarki ta koma ɗakinki, ko ba komai yanzu ana share shi."

Auta ta tashi zaune. "Ta koma ina?"

"Ɗakinki. Nata yana yoyo."

"Ta taɓa min littattafai?"

"Ta zuba su a kwali."

Rabon da a ji muryar Auta da ƙarfi haka tun ranar da aka kwantar da ita. Uwa tana ninke kaya tana mita, 'ya tana lissafa abin da za ta yi wa yayarta ranar da ta fita. Sau ɗaya Mama ta ce, "Dubi wuyanki," Sista ta yunƙura za ta katse ta, sai Mama ta ƙarasa, "wuyan rigar nan duk datti." Sai da aka zo aka ce musu lokaci ya cika.

A baranda Mama ta riƙo hannun Sista. "Ni fa na ga kumatunta sun ɗan fito. In ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe."

"Ni za ki faɗa wa."

Ta faɗa kuwa, da kuka, har hutun Sista na minti goma sha biyar ya ƙare a tsaye, shayinta ya huce a ofis.

Da yamma Auta ta ci kashi biyu cikin uku na abincinta, ba tare da ta kalli kowa ba. Washegari aka tsinci burodin da aka ba ta a cikin rigar matashi, aka kawo mata wani. Ba a sa robar ba. Sai da ta yi kwana huɗu ba ta yi wa Sista magana ba, ta kuma ƙara wata biyu a ɗakin kafin a sallame ta, da sharaɗin za ta riƙa zuwa ganin likita duk sati. Yayarta ce ta zo ɗaukar ta, tun a bakin lif suka fara rigima.